Darasi: Sutura Mai Tsada ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

A watan Yunin 2024 wata kotu a birnin Milan na ƙasar Italiya ta sa wani reshe na kamfanin Dior a ƙarƙashin kulawarta, bayan masu bincike sun bi sawun inda ake ɗinka wasu daga cikin jakunkunan mata da kamfanin yake sayarwa. Takardun shari'ar sun nuna akwai jakar da ake biyan ɗan kwangila yuro 53 ya harhaɗa ta, a ƙananan masana'antu inda ma'aikata suke kwana a wurin aikinsu, sannan a kai ta kanti a ɗora mata farashin yuro 2,600. Don a yi adalci, wannan yuro 53 bai haɗa da kuɗin fata ba, balle hayar kanti da ladan masu zane. To amma ko an ninka shi sau goma, bai kai rubu'in abin da mai saye yake biya ba. A canjin kuɗi na lokacin, farashin jakar ya haura naira miliyan huɗu. Wata guda bayan haka gwamnatin Najeriya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, wato mai wannan albashi sai ya yi kimanin shekara biyar yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe jakar a hannunsa.

Wanda ya ji wannan lissafi yana iya cewa ai magana ta ƙare, kayan alfarma na masu hannu da shuni ne, talaka ya kama gabansa. Ban yarda ta ƙare a nan ba. Son ado ba laifi ba ne, kuma a wurinmu sutura tana da aikin da ya wuce rufe jiki. Da ita ake fita Idi, da ita ake zuwa neman aure da neman aiki, da ita uwar amarya take tsayawa gaban surukai ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Lebura da malamar firamare da mai garuwa, kowannensu yana da haƙƙin ya fito fes ranar fita. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, farashin kaya mai tsada abu uku ne aka dunƙule wuri guda. Akwai kuɗin inganci, wato kyawun yadi ko fata da aikin hannun da aka yi musu. Akwai kuɗin suna. Akwai kuma kuɗin gaggawa, abin da mutum yake ƙarawa don ya sa kaya a daidai lokacin da ake rububinsu. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya biyan na farko idan ya yi tsari, kuma shi kaɗai ne yake biyo shi gida ya zauna a jikinsa. Sauran biyun su ne suke kai mutane ga bashi.

Bari mu fara da kuɗin suna, domin manyan kamfanonin da kansu suna bayyana shi a rahoton da suke ba masu hannun jari. Rukunin LVMH na Faransa, wanda ya mallaki Louis Vuitton da Dior da Fendi da wasu sunaye da dama, ya yi cinikin yuro biliyan 86 a shekarar 2023. Abin da ya kashe wajen samar da kayan da ya sayar bai kai biliyan 27 ba, amma talla da harkar sayarwa, wato kantuna da ma'aikatansu da tallace-tallace, sun ci kusan biliyan 31. A taƙaice, abin da aka kashe don a sa mutum ya so kayan kuma ya shiga kanti ya saya ya fi abin da aka kashe wajen yin kayan. A 2018 kamfanin Burberry na Ingila ya bayyana cewa a cikin shekara guda ya lalata kayan da ba su shige ba na fam miliyan 28.6, maimakon ya karyar da farashinsu, sai da surutu ya yi yawa ya daina. Shahararriyar jakar nan ta Chanel mai sarƙa kuwa, da ake sayarwa ƙasa da dala 6,000 a 2019, ta haura dala 10,000 kafin ƙarshen 2023, alhali jakar ba ta canza siffa ba. Tun a 1899 masanin tattalin arziki ɗan Amurka Thorstein Veblen ya yi bayanin cewa akwai kayan da ake saye don dai a ga mutum yana iya sayensu. A irin wannan kaya tsadar ita ce hajar. Da za ta sauko har kowa ya iya saye, masu kuɗin sai su koma wani abu dabam. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ya ɗaura ɗamarar kamo su a wannan fage ba zai taɓa kamo su ba, domin da gangan aka tsara abin a haka.

Mu a nan muna da wata dama da talakan Turai ba shi da ita. A can, kusan kowa ɗinkakken kaya yake saye, yadi da ɗinki da suna a ƙunshi ɗaya. Wanda tela zai gwada ya yanka masa kaya daidai jikinsa, kamar yadda ake yi a titin Savile Row na Landan, sai attajiri. Mu kuwa kowace unguwa da telanta. Mutum yana shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, ya zaɓi yadi da hannunsa, ya kai wa wanda ya san kafaɗarsa da tsawon hannunsa. Ƙunshin a warware yake, don haka ana iya ɗaukar abin da ake so a bar sauran. Kayan alfarmarmu ma galibi yadi ne: shadda gezna ta kamfanin Getzner, wanda aka kafa a 1818 a garin Bludenz na Ostiriya, atamfa holan da sufa ta kamfanin Vlisco, wanda yake garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, da leshin da 'yan kasuwar Najeriya suke ɗaukowa daga Lustenau na Ostiriya da St. Gallen na Suwizalan shekaru da dama. Waɗannan suna da inganci na gaske. Shadda mai kyau da siririn zaren auduga ake saƙa ta, a matse, zanen jikinta a cikin saƙar yake, shi ya sa take jure wanki. Amma nan ma suna ya shiga. Akwai matakin da idan yadi ya kai, abin da ake ƙarawa daga nan ba ƙarko yake saya ba, sai dai a ce wane gezna ce a jikinsa. Ga kuma canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, duk yadin da ake shigowa da shi ya bi ta. 'Yan'uwanmu na Nijar wannan girgiza ba ta same su haka ba, domin sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya.

To ta yaya za a gane inda inganci ya tsaya, suna ya ɗora? Da lissafi mai sauƙi. A haɗa kuɗin yadi da na ɗinki, a raba da yawan lokutan da za a sa kayan kafin su mutu. Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don koyo kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu. Mutum ya ɗinka shadda ta naira 36,000, ta koɗe ta saki jiki bayan sawa 12: kowace sawa ta ci masa 3,000. Wani ya ɗinka ta 150,000, ya sa ta sau 100 cikin shekara huɗu: kowace sawa 1,500. Ashe mai tsadar ta fi araha, kuma masu iya magana da suka ce araha ba ta ado suna da hujja. Amma kada a tsaya nan, domin a nan ne masu tallan kaya suke so a tsaya. Na uku ya ɗinka matsakaiciya ta 60,000, auduga zalla, ya sa ta sau 60: kowace sawa 1,000. Shi ya fi kowa riba. Wata kuma ta yi ankon biki na 25,000, ta sa ranar kamu da ranar wuni, ta ninke ta ajiye don kowa ya san na bikin wance ne: kowace sawa 12,500. Wannan anko da ake ganin mai sauƙi ne, shi ne mafi tsada a cikin su huɗun. Lissafin nan yana da sharaɗi guda, kada mutum ya yaudari kansa wajen ƙiyasin sawa. Leshi mai duwatsu da nauyi ba a zuwa aiki da shi. In sau uku za a sa shi a shekara, uku za a rubuta.

Lissafi ba zai yi amfani ba sai ido da hannu sun iya tantance kaya, kuma wannan sana'a ce da ake koya. Idan aka miƙo shadda, a ɗaga ta a gaban haske a ga ko saƙar a matse take ko rana tana ratsa ta. A murza gefenta tsakanin yatsu: idan farin gari ya fito ko ƙyallin ya dushe a wurin, sitaci aka cika mata, wanki ɗaya zai tafi da kyawun. A zaro zare ɗaya daga bakin yankan a kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, da warin leda. Atamfar da aka yi da kakin gaske launinta ɗaya ne ciki da baya, wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari yake. Vlisco yana buga lambar zane a gefen atamfarsa, amma masu kwaikwayo sun iya kwafar rubutu da takardar da ake liƙawa, don haka a fi yarda da hannu a kan tambari. A jaka da takalmi a duba ɗinki ko ya tafi a jere, a ja zif sau da yawa, a leƙa shafin ciki, a shinshina fatar. Abin da ya fi duk wannan shi ne mutum ya riƙe ɗan kasuwa ɗaya mai amana, wanda zai ce masa, “Alhaji, wannan ba ta kai waccan ba,” ko da ribarsa za ta ragu.

Kuɗin gaggawa shi ne mafi sauƙin kaucewa, kuma shi aka fi biya. Kowa ya san yadda Kwari take cika idan azumi ya raba tsakiya, da yadda teloli suke kwana kan keke a goman ƙarshe. A wannan lokaci yadi ba ya sauka, kuɗin ɗinki yana hawa, aikin kuma yana lalacewa, domin telan da ya karɓi kaya fiye da ƙarfinsa yaransa zai miƙa wa. Yadin nan dai, idan aka saye shi bayan Babbar Sallah da kasuwa ta lafa, aka kai ɗinki lokacin da tela yake neman aiki, za a same shi da rangwame, da ɗinki mai natsuwa. Haka zancen yayi. Zanen atamfar da ya fito bana ana tsuga masa kuɗi, baɗi a kira shi tsohon yayi a rage, alhali zare da rinin ba su canza ba. Fari da ruwan toka da shuɗi mai duhu da ruwan madara ba sa fita yayi, ɗinki mai sauƙin aiki ma haka. A Turai ma wannan dabara masu ƙaramin ƙarfi suke bi. A Faransa doka ce ta tsayar da lokacin babban rangwame sau biyu a shekara, a cikin hunturu da farkon bazara, mutane suna jira. Sai dai manyan sunaye irin su Louis Vuitton ba sa shiga rangwame ko kaɗan, kuma yawancin kayan da ake gani a kantunan rangwame na wasu kamfanoni tun asali don can aka yi su, da kayan aiki masu sauƙi.

Saura hanyar biya, kuma a nan ba ni da sassauci: sutura ta alfarma da kuɗin hannu ake sayenta. Kaya suna fara tsufa daga ranar da aka sa su, bashi kuwa girma yake yi. Manhajojin bada rance na waya sun sa karɓar bashi ya zama aikin minti kaɗan, da ruwa mai nauyi, har ta kai a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu saboda yadda suke aika wa dangi da abokan wanda ya kasa biya saƙon tozarci. Wanda ya ci bashi don a gan shi da mutunci ranar biki, ya wayi gari ana aika wa surukinsa irin wannan saƙo, abin da ya je nema shi ya rasa. Biyan kaɗan-kaɗan a wurin dillaliya ya fi wannan sauƙi, amma a tambayi farashin kuɗi hannu a kwatanta, domin bambancin shi ne ladan jira. Hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda iyayenmu mata suka daɗe da ita, adashe da asusu. Sai dai adashe ma yana da abin lura a lokacin tsadar rayuwa. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato wadda kwasarta ta zo ƙarshen shekara kuɗinta ba zai sayi abin da ta farko ta saya ba. Maganinsa a yi gajeren zubi, na wata huɗu ko biyar, kuma ranar da aka kwasa a je a sayi yadin a ajiye ko da ba a shirya ɗinki ba.

Akwai kuma kasuwar hannu na biyu, wadda wasu suke jin kunyarta ba dalili. A Ƙofar Wambai ta Kano da Kasuwar Barci ta Kaduna, kamar Kantamanto ta Accra, ranar da aka fasa dila masu ido suna tsintar takalmin fata da kwat da jaka na manyan kamfanoni a kuɗin da bai kai na jabunsu sabo ba. A Turai da Amurka wannan ciniki ya zama babbar harka, da kamfanoni irin su Vestiaire Collective na Faransa da The RealReal na Amurka, kuma masu kuɗi ne suke saye da sayarwa a cikinsu ba tare da sun ɓoye fuska ba. Mu ma muna da tamu hanyar. Amarya da aka jibga wa lefe ba ta iya ɗinke shi duka, idan buƙata ta taso dillaliya take ba turmi ta zagaya da shi gidaje, sabo dal ko ninkinsa ba a warware ba, a ƙasa da farashin kasuwa. Mai haƙuri da ta sanar da dillaliya abin da take nema takan samu sufa ta gaske ta wannan hanya. Abin kiyayewa kawai shi ne a san asalin kaya, kada a sayi na sata, kuma kada a matse wadda ta fito da kayanta don larura.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga jabu a kasuwa wanda ba mai ganewa? Tambaya ce mai nauyi, domin jabu ya cika duniya. Rahoton ƙungiyar OECD na 2019 ya ƙiyasta cewa a 2016 kayan jabu sun kai kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kimanin dala biliyan 509, takalma da tufafi ne a kan gaba wajen waɗanda ake kamawa. Amsata ita ce a bambanta abu biyu. Atamfar Sin da ta fito da sunanta, aka sayar da ita a matsayinta da kuɗinta, ba jabu ba ce. Kaya ne mai sauƙi, kuma wata tana da ƙarko daidai gwargwado. Jabu shi ne wanda ya ari sunan wani. Mai yin sa ya san tambari ake saye, don haka a kan tambari yake kashe kuɗi, ya tsuke a wurin zare da fata da manne. Mai sayensa ya biya kuɗin suna, ko da kaɗan ne, ya bar inganci, wato ya juya shawarar wannan darasi a baibai. Batun ba mai ganewa kuwa, waɗanda ake son burgewa su ne suka fi kowa ganewa. Ga ɗan kasuwa kuma, sayar da jabu da sunan na gaske algus ne, addini da doka duk sun hana.

Wani kuma zai ce ai kaya mai tsada ajiya ce, in ta ɓaci a sayar. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Jakar Birkin ta kamfanin Hermès takan yi tsada a hannu na biyu fiye da sabuwa, domin ba kowa kamfanin yake sayar wa ba. Amma irinta 'yan ƙalilan ne, kuma kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin wanda muke magana a kansa. Yadin da almakashi ya taɓa ya zama na mai shi kaɗai, ba mai sayensa da rabin kuɗinsa. Turmin da ba a yanka ba ya fi riƙe daraja, shi ya sa tsofaffi suke adana shi a ƙasan akwati. Wadda take son adon da zai zama ajiya, zinare ya fi mata. Farashinsa a duniya ya tashi daga kusan dala 2,000 kowane oza a farkon 2024 ya haura 3,000 a watan Maris na 2025. Ko shi ma, kuɗin ƙira da aka biya wajen saye ba ya dawowa ranar sayarwa, nauyi kawai ake aunawa.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na wanda zai ce: lissafin sawa ɗari daidai ne a takarda, amma wanda ba shi da 60,000 a dunƙule dole ya sayi ta 20,000, ta mutu ya sake saye. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, talauci yana sa mutum ya biya fiye da mai kuɗi a kan abu ɗaya, kuma babu dabarar kasuwa da za ta share wannan gaba ɗaya. Gidan da abinci bai wadata ba, ko ake bin sa kuɗin haya ko na makaranta ko na magani, ba shi da rarar da zai kai Kwari, kuma ba abin kunya ba ne ya yi Sallah da wankakken kayan bara. Wannan darasi na wanda yake da 'yar rara ne, komai ƙanƙantarta. Gare shi hanyar fita daga wannan zagaye ita ce rage yawa. Wanda ya saba ɗinka kala uku masu sauƙi a shekara, ya haɗe kuɗinsu ya ɗinka ɗaya mai kyau. Shekarar farko za ta yi masa nauyi, zai ji kamar kowa ya lura kaya ɗaya yake maimaitawa. A shekara ta uku yana da kala uku da duk suna nan da ransu, alhali a da kullum daga farko yake farawa.

Sai matsin jama'a, wanda ba a raina shi. Anko yana da ma'ana, alama ce ta cewa ana tare, kuma wadda ta ƙi yi ana iya cewa ba ta son dangi. Lefe kuwa ana buɗe shi gaban mata ana ƙirga turame, ana ɗaga kowanne ana duba gefensa. Ba zan ce a watsar da al'ada ba, amma nauyin gyara yana kan masu fitarwa. Uwar biki da ta zaɓi atamfa mai sauƙin kuɗi, mai zanen da za a iya sawa bayan biki, ta taimaki kowa. Wadda ba ta da hali tana iya yin na 'yan'uwa na jiki ta bar na nesa, ta je da kayanta masu kyau da gudummawarta a hannu, domin gudummawar ita amarya za ta amfana da ita. A lefe ma, akwati biyu na kayan da za su shekara goma sun fi shida da aka cika don ƙirga, musamman idan ango zai shiga gidansa da bashinsu a wuya.

Akwai wani abu da yawan kallon waje yake rufe mana ido a kansa. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna tafiya har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, inda ake yin takalma da jakunkuna masu tsada. Abin da manyan kamfanonin Turai suke taƙama da shi a tallarsu shi ne aikin hannu, mu kuwa aikin hannu a ƙofar gida yake. Babbar riga mai aska takwas da maɗinkin Zariya ya yi watanni yana bi da allura, hular zanna da aka ɗinka zare bayan zare, takalmin da baduku ya yanka daidai ƙafar mai shi, duk alfarma ce ta gaske, kuma kusan duk kuɗin da aka biya na kayan aiki ne da gumin mai yi. Ba a ce duk na gida yana da kyau ba. Akwai dukawa masu ha'inci a manne, akwai telolin da ba sa cika alkawari. Amma mai sana'ar gida ana iya zama da shi a nuna masa abin da ake so, a mayar masa in ya ɓata.

Abu na ƙarshe da yake tabbatar da lissafin sawa ɗari shi ne kula. Shadda mai kyau ba a jiƙa ta ta kwana a ruwan omo, ba a dirza ta da buroshi. Da sabulu mai laushi ake wanke ta, a juya bayanta a shanya a inuwa, domin rana ita take cin launi. Idan ƙyallinta ya kwanta a kai ta wurin masu bugu, su yayyafa mata ruwa su ninke ta a kan gungume, su bi ta da mabugi har ta dawo tana ɗaukar ido. Farar da ta fara jirkicewa kuma ba ta mutu ba: a kai ta marina, irin ta Ƙofar Mata ko masu rinin zamani, ta fito shuɗiya ko ruwan ƙasa ta sake wasu shekaru. Takalmin fata a bar shi ya huta kwana ɗaya tsakanin sawa, a shafa masa mai, a canza masa ƙasa idan ta cinye tun kafin ta kai ga fatar. Tun wajen ɗinki a roƙi tela ya bar rara a cikin kabu, don jiki yana canzawa.

Aikin da za a kawo a zama na gaba: kowane ɗalibi ya zaɓi kaya uku daga cikin nasa, wanda ya fi tsada, da wanda ya fi yawan sawa, da wanda ya saya don wani biki. Ya rubuta abin da kowanne ya ci har da ɗinki, ya ƙiyasta sau nawa ya sa shi, ya raba. Sannan ya je kasuwa mafi kusa ya tambayi farashin shadda ko atamfa mataki uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, ya gwada su da hannu kamar yadda aka bayyana, ya rubuta bambancin da ya ji da wanda bai ji ba. A aji za a haɗa sakamakon, kowane rukuni ya fitar da zubin adashen da zai ishi mutum ya ɗinka ta tsakiyar cikin wata biyar.